Me ke sa carbi da hannun agogo haske cikin duhu?

"Assalamu alaikum. Ina da wani carbi na roba, launinsa fari-fari kamar ruwan madara, amma da zarar an ɗauke wuta sai ya riƙa ba da haske kore. Ba shi da batir, ba a jona shi da komai. Da farko hasken yana da ƙarfi, kafin tsakar dare ya dushe, washegari kuma ya dawo. Haka ma taurarin roba da aka manna wa yara a silin. Mene ne ke kawo wannan haske? Wani ya ce mini akwai sinadari mai kawo ciwon daji a ciki. Sannan akwai tsohon agogon hannu na marigayi mahaifina, wanda aka ce da yana haske da dare, yanzu kuwa ya daina. Shi kuma me ya same shi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifi da rahama. Tambayoyi uku ka dunƙule wuri guda: daga ina hasken yake fitowa, yana da illa ko babu, sannan me ya kashe na tsohon agogo. Amsar ta farko ita ce mabuɗin sauran biyun, don haka a kanta za mu fi daɗewa.

Carbinka ba ya ƙirƙirar haske, aro yake yi. Akwai wata hoda da aka cuɗa cikin robar tun wajen narka ta. Da rana, ko a ƙarƙashin ƙwan lantarki, hodar nan tana karɓar haske ta ajiye, sannan ta riƙa biya kaɗan-kaɗan. Biyan ba ya jiran dare. Tun da tsakar rana ake yinsa, sai dai hasken rana ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, kamar yadda taurari ke nan a sama da azahar amma ba mai ganinsu. Za ka iya tabbatar da haka ba tare da wani kayan aiki ba: kulle carbin a cikin akwati kwana biyu ko uku, ka buɗe shi da dare a ɗaki mai duhu ba tare da ka kunna tocila ba. Ba za ka ga komai ba. Haska shi na 'yan daƙiƙu ka kashe, sai ga shi ya dawo. Ka riƙe wannan gwaji a ranka, domin shi ne zai raba mana carbi da agogo a can gaba.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwayar hodar

Kowace ƙwaya ta wannan hoda tana da tsari irin na ƙwayar gishiri, wato atam-atam ɗinta, 'yan mitsi-mitsin tubalan da suka gina kowane abu, a jere suke daki-daki kamar bulo a jikin katanga. Da a ce jeren nan cikakke ne marar aibi, da hodar ba ta yi haske ba. Masu haɗa ta da gangan suke sa mata aibi. A hodar zamani, wadda ake kira sitirontiyam aluminet, ana zuba ɗan kaɗan na wasu ƙarafa biyu da ba a cika jin sunansu ba, yurofiyam da disfurosiyam, abin da bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Kowannensu da aikinsa.

Haske makamashi ne, kuma a gutsure-gutsure yake zuwa. In gutsure ɗaya mai isasshen ƙarfi ya daki atam na yurofiyam, sai ya cilla ɗaya daga cikin ilektiron ɗinsa, wato ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye da tsakiyar atam, zuwa wani mataki na sama. Ilektiron ba ya son zama a can. Da ya samu hanya sai ya dawo mazauninsa, kuma a wajen dawowa yake amayar da makamashin da ya karɓa a matsayin haske kore. A wasu abubuwa wannan tafiya da dawowa ba ta ɗaukar ko kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, shi ya sa da an kashe fitila su ma sun mutu. A hodar carbinka kuwa akwai tarko a hanya. Aibin da aka sa a jeren atam, wanda disfurosiyam ke ƙara wa yawa da zurfi, yana kama ilektiron ɗin da aka cilla ya riƙe shi.

Ɗauki tanda ta suyar waina, amma ka ƙaddara ramukanta ba zurfinsu ɗaya ba, wasu ɗan lotsawa ne kawai, wasu kuma sun nutsa sosai. Zuba tsakuwa a cikin ramukan, ka riƙa jijjiga tandar a hankali. Na cikin ramuka marasa zurfi za su yi ta tsalle suna fita tun da farko, da yawa a lokaci guda. Na masu zurfi kuwa sai an daɗe ana jijjiga kafin ɗaya ta yi sa'a ta fice. Tsakuwar ita ce ilektiron, ramukan su ne tarkon, jijjigar kuma ita ce ɗumin ɗaki, domin zafi ba komai ba ne illa kaɗawar atam. Duk tsakuwar da ta fita, ɗigon haske ɗaya ke nan ya iso idonka.

Wannan misali ya ba da amsar abin da ka lura da shi, cewa hasken yana farawa da ƙarfi sannan ya dushe. Ba a hankali yake sauka daidai wa daida kamar kyandir ba. Faɗuwa yake yi da sauri a mintunan farko, sannan ya ja dogon wutsiya na haske mai rauni har tsawon sa'o'i. Masu ƙera alamomin hanyar fita na gaggawa suna da ma'auninsu na wannan: a haska abu na minti 5 da haske mai ƙarfin laks 1000 (laks ma'aunin ƙarfin haske ne), sannan a auna shi bayan minti 10 da kuma bayan minti 60. Abin da ake samu a awa ɗaya yakan zama kusan kashi ɗaya cikin bakwai na abin da aka samu a minti goma. Daga nan kuma saukar ta yi sanyi ƙwarai.

Misalin ya kuma nuna abin da zafi zai yi. Haska taurarin yara guda biyu tare, ka jefa ɗaya cikin ruwan zafi, ɗayan ka ɗora a kan ƙanƙara. Na ruwan zafi zai fi haske nan take, kuma zai riga ɗayan mutuwa, saboda an ƙara ƙarfin jijjiga. Na kan ƙanƙara zai dushe kamar ya ƙare, amma ka ɗauko shi ka dunƙula a tafin hannu, da ya ji ɗumi sai hasken ya farfaɗo. Ajiyar tana nan, hanyar fita ce aka toshe.

Masana suna kiran wannan hali fosforesans, sunan da ya sa mutane da dama ke zaton akwai sinadarin fosfaras a ciki. Babu. Kalmar ta fito ne daga Girkanci, ma'anarta mai ɗauke da haske, kuma an riƙa laƙaba ta ga duk abin da ke haske cikin duhu. Shi fosfaras ɗin, wanda wani Bajamushe mai suna Hennig Brand ya tace daga fitsari a birnin Hambag a 1669, haskensa na daban ne: cinyewa yake yi a hankali idan ya haɗu da iska.

Tsohuwar hoda da sabuwa

Abin ya daɗe. Wajen 1603 wani mai ɗinkin takalma a birnin Bolonya na Italiya, Vincenzo Casciarolo, wanda ke neman hanyar haɗa zinariya, ya gasa wani dutse mai nauyi da gawayi. Zinariya ba ta samu ba, amma dutsen ya koma yana haske da dare in ya sha rana. Hodar da ta mamaye kasuwa kusan duk tsawon ƙarni na ashirin kuwa haɗin tutiya ce da farar wuta, wato zinki salfayid, da aka ɗiga wa ɗan jan ƙarfe. Tana da arha, tana saurin ɗaukar haske, amma ramukanta ba su da zurfi. Cikin rabin awa zuwa awa ɗaya ta gama biya.

A 1993 kamfanin Nemoto na Japan ya fito da sitirontiyam aluminet mai yurofiyam da disfurosiyam, wadda ya sayar da sunan LumiNova. Ta ninka tsohuwar wajen sau goma a ƙarfin haske da kuma daɗewa, ta yadda mai kyau daga cikinta idon da ya saba da duhu zai iya ganinta har asuba. Ana haɗa ta ne ta hanyar cuɗa garin sinadaran da ɗan borik asid, a gasa a zafin da ya kai wajen digiri 1300 na ma'aunin Salsiyas a cikin tanderun da aka hana wa iskar oksijin shiga, sannan a farfasa dunƙulen a tankaɗe shi gwargwadon girman ƙwaya. Ita ce a hannun agogunan zamani, da layin da ke ƙasan jirgin sama tsakanin kujeru, da bakin matakalar dogayen benaye. A birnin Niyok an wajabta irin wannan alama a matakalar manyan gine-ginen ofis tun da dokar 2004, bayan harin 11 ga Satumba 2001, saboda ba ta dogara da wuta ko batir ba.

Daga bayaninka, carbin da ke kai wasu sa'o'i kafin ya ɓace ya fi kama da mai sabuwar hoda da aka yi wa rowa wajen zubawa. Wanda ke mutuwa kafin ka gama shirin kwanciya, tsohuwar ce. Daga nesa dai ba zan iya yanke maka hukunci ba, sai ka auna da agogo.

Me ya sa kusan kullum kore ne? Dalili biyu suka haɗu. Hodar da ta fi kowacce iya ajiya, haskenta kore ne mai tsawon zango wajen nanomita 520, a ma'aunin da ake bambanta launukan haske da shi. Idon ɗan Adam kuma a daidai wannan yanki ya fi gani: da rana ya fi jin nanomita 555, cikin duhu kuma wajen 507. Akwai mai ruwan shuɗi-kore, wadda ita ma tana daɗewa, akwai shunayya, akwai ja, amma ja da shunayya ba sa kai ko'ina, wani ɓangare saboda raunin hodar, wani ɓangare saboda ido ba ya kama su da kyau a duhu.

Shi kansa idon yana da hannu a cikin abin da kake kira dushewa. Yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin ya kai ƙarshen ƙarfinsa, kuma kallon fuskar waya sau ɗaya ya isa ya mayar da shi baya. Wanda ya farka da ƙarfe uku na dare zai ga taurarin silin sarai, wanda ya shigo daga falo mai haske a daidai lokacin zai rantse sun mutu. Da tsakar dare kuma za ka ga launin ya koma toka-toka maimakon kore, domin ƙwayoyin ido masu aikin dare ba sa bambanta launi. In kana neman abu mai raunin haske, kada ka zuba masa ido kai tsaye, kalli ɗan gefensa, don tsakiyar ido ba ta da waɗannan ƙwayoyi.

Wane haske ne ke cika shi

Ba kowane haske ba. Gutsuren da zai cilla ilektiron dole ya fi wanda za a biya daga baya ƙarfi, wato sai shuɗi, ko shunayya, ko hasken UV da ido ba ya gani. Jan haske, ko ka kwana kana haska shi, ba zai zuba komai a ramukan ba. Shi ya sa kyandir, da aci-bal-bal, da fitilar ƙwai, da tsohon ƙwan lantarki mai zare ba sa yi masa abin kirki, tunda haskensu ya fi karkata ga ja da rawaya. Dogon ƙwan lantarki mai farin haske yana yi sosai. Tocila mai LED fara tas ita ma tana yi, domin a cikinta shuɗin haske ne aka lulluɓe. Rana ta fi su duka, minti biyar zuwa goma sun wadatar, hasken ɗaki kuma yana son minti ashirin zuwa talatin. Ƙaramar tocilar UV irin ta duba takardar kuɗi tana cika shi cikin daƙiƙu.

Ramukan suna da iyaka. Da sun cika, sun cika, barin carbi a rana yini guda ba zai ƙara masa awa ɗaya ba, sai dai ya gasa robar. Abin da ke ƙara daɗewa shi ne yawan hodar da ingancinta.

Cikawa da zubarwa ba sa tsufar da ita, saboda babu abin da ke ƙonewa ko ƙarewa, ilektiron ne ke kai da komo. Abin da ke kashe irin waɗannan kaya daga waje yake zuwa. Sabuwar hoda ba ta shiri da ruwa: in ya taɓa ta tsirara, sai ta rikiɗe ta zama farin gari marar amfani. Tsohuwar kuma in rana da laima suka haɗu a kanta sai ta yi baƙi-baƙi. Robar ma tana rawaya da tsufa ta tare haske. A carbi kuwa, mafi yawan lokuta dauɗar hannu ce da maiƙo da turare suka yi masa rufi. Ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshi sukan dawo da shi, kuma wankin ba zai cuce shi ba tunda hodar a cikin roba take.

Maganar ciwon daji, da agogon mahaifinka

Carbi da taurarin yara ba sa fitar da wani tururin nukiliya. Hasken da suka karɓa shi suke mayarwa, kuma ƙasa da yadda suka karɓa. Haɗarinsu irin na kowane ƙaramin abu ne na roba: kada jariri ya haɗiye ƙwayar carbi ko tauraron da ya ɓallo daga silin.

Amma wanda ya gaya maka maganar bai ƙirƙire ta daga iska ba, tana da tushe, kuma tushen yana iya kasancewa a cikin wannan tsohon agogo. Bayan da Marie da Pierre Curie suka gano radiyam a 1898, sai aka lura cewa in an cuɗa ɗan kaɗan nasa da hodar tutiya, hodar ba ta buƙatar rana kuma. Radiyam yana harba ƙananan ɓarɓashi dare da rana, su ne ke cilla ilektiron maimakon haske. Aka riƙa shafa wannan fenti a fuskar agogo da na'urorin jirgin sama da kamfas na soja. A wata masana'anta da ke garin Orange a jihar Niyu Jasi ta Amurka, daga 1917, 'yan mata ne ke wannan aiki, kuma an koya musu su riƙa tsine bakin buroshi da leɓe. Jiki yana ɗaukar radiyam tamkar sinadarin ƙashi ne, ya kai shi cikin ƙashi ya ajiye. Muƙamuƙinsu ya riƙa ruɓewa, jininsu ya ƙare, wasu suka kamu da dajin ƙashi. Biyar daga cikinsu, har da Grace Fryer, sun kai ƙara, aka sasanta a 1928. Lura da cewa haɗiya ce ta yi musu wannan illa. An ci gaba da amfani da radiyam a agogo har cikin shekarun 1960.

Ga inda abin yake da ruɗi. Radiyam yana ɗaukar shekara 1600 kafin rabinsa ya ƙare, don haka agogo mai shekara 70 bai rasa fiye da kashi uku cikin ɗari na radiyam ɗinsa ba. Hodar ce harbin ya lalata cikin 'yan shekaru. Ke nan agogon ya daina haske, amma abin da ake gudu yana nan daram. Mutuwar haske a tsohon agogo ba shaidar lafiya ba ce.

Bayan radiyam aka koma tiritiyam, wani nau'in haidurojin ne mai rauni ƙwarai, wanda harbinsa ba ya ratsa gilashin agogo ko fatar mutum. Shi rabinsa yana ƙarewa duk shekara 12.3, wato bayan shekara 25 saura kwata, bayan 50 saura kashi ɗaya cikin goma sha shida. An yi amfani da fentinsa har ƙarshen shekarun 1990, kuma har yau ana sa shi cikin 'yan ƙananan bututun gilashi a wasu agogunan. Duba ƙasan fuskar agogon, kusa da lamba shida. In ka ga an rubuta T SWISS T, ko T<25, tiritiyam ne, ya tsufa ne kawai, ba abin tayar da hankali ba.

In babu wannan rubutu, kuma agogon ya girmi shekarun 1960, ɗauke shi a matsayin mai radiyam har sai an tabbatar da akasin haka. Alamun da muke dubawa su ne fenti ya koma ruwan ƙasa ko ruwan goro, yana ɓarɓashi, wani lokaci da tabon ƙuna a fuskar agogon daidai inda hannun ya daɗe a tsaye. Amma alama ba hujja ba ce, tsohon tiritiyam ma yana canza launi. Na'urar Gaiga mai auna tururin nukiliya ce kaɗai ke raba gardama, kuma ana samunta a sashen fiziks na jami'o'i da wurare irin Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Kafin nan, kada a buɗe shi, kada a kankare fentin, kada a kai wa mai gyaran agogo ya hura masa iska da baki, domin ƙurar ita ce matsalar. Kada a kwana da shi a hannu ko a ajiye shi a ƙarƙashin matashi. In gilashin ya fashe, a sa shi cikin leda a ɗaure, a wanke hannu. A ajiye shi a wuri mai shan iska nesa da ɗakin kwana da hannun yara, saboda radiyam yana fitar da iskar radon kaɗan-kaɗan. Agogo ɗaya a rufe, a kan kanta can gefe, ba dalilin firgita ba ne, kuma ba sai ka rabu da abin tunawa da mahaifi ba.

Gwajin akwati da na ambata yana aiki a nan ga kowane abu da kake shakka: duk abin da ya kwana uku a duhu ya fito yana haske kamar yadda ya shiga, ba aro yake yi ba, yana da abin da ke ciyar da shi daga ciki.

Waɗanda ake ruɗawa da shi

Sandar roba da ake lanƙwasawa ta kama haske a wajen biki ba ta cikin wannan dangi. A cikinta akwai siririyar kwalba mai haidurojin feroksayid, kewaye da wani ruwan sinadari da rini. Ƙarar da kake ji in ka lanƙwasa, kwalbar ce ta fashe, ruwan biyu suka haɗu. Tana yin wasu sa'o'i ta mutu, kuma ba ta dawowa, sai dai sanya ta a firiza yana jinkirta mutuwar. In yaro ya huda ta, ruwan yana da zafi a ido da baki, akwai kuma ɓarɓashin gilashi, sai a wanke da ruwa mai yawa na kamar minti goma sha biyar. Maƙesu da ke walƙiya da damina shi ma haɗin sinadari yake yi a cikinsa, da taimakon iskar oksijin.

Akwai kuma masu haske muddin ana haska su da UV, da an ɗauke su mutu nan take, don ba su da ramukan ajiya: alamomin ɓoye na takardar kuɗi, farin yadin da aka wanke da omo, da kuma kunama, wadda ke fitowa shuɗi-kore tar a ƙarƙashin tocilar UV. Mai yara da ke kwana a tsakar gida da bazara zai ga amfanin wannan tocila fiye da cika carbi, sai dai kada a haska ta a ido. Idon kyanwa da rigar ma'aikatan titi kuwa madubi ne kawai, hasken fitilarka suke dawo maka da shi.

In za ka shafa da kanka

Ana sayar da hodar tsurarta, kuma tana da amfani a makunnin wuta, bakin matakala, hannun ƙofa da jikin tocila. Mafi yawan waɗanda aikin ke ba wa kunya, a ɗaya daga cikin wurare kaɗan suke tuntuɓe.

Fara da farin fenti a ƙasa, ka bar shi ya bushe. Rabin hasken ƙwayar baya yake nufa, fari ya dawo da shi, baƙi ko katako tsirara ya shanye. Abin da za ka kwaɓa hodar da shi dole ya zama garai kamar ruwa, irin man sheƙi marar launi da kafintoci ke shafa wa katako, ko ruwan rezin. In ka zuba ta a fentin bango na yau da kullum, launin fentin zai rufe ƙwayoyin, ka yi asarar kuɗinka. Gwargwado shi ne giram 25 zuwa 30 na hoda a cikin giram 100 na man. Ƙasa da haka haske ya yi rauni, sama da haka sosai kuma ya ƙi shafuwa ya riƙa tsagewa.

Hodar ta fi ruwa nauyi fiye da sau uku, kuma ba narkewa take yi ba, don haka tana kwanciya a ƙasan gwangwani cikin mintuna. Kwaɓa kaɗan, ka riƙa motsawa kafin kowace tsoma buroshi. Motsa da itace ko roba, saboda ƙwayar tana da tauri har tana kankare ƙarfe, ƙarfen kuma ya dusashe ta ya mai da ita toka-toka. Kada ka niƙa ta don ta yi laushi: babbar ƙwaya ta fi haske, niƙa yana farfasa tsarin da ke yin ajiyar. In man da za ka yi amfani da shi mai ruwa-ruwa ne, nemi hodar da aka rubuta cewa an lulluɓe ƙwayoyinta, in ba haka ba cikin kwanaki za ta mutu a cikin gwangwani. Rufe hanci lokacin zubawa, kamar kowace ƙura. Shafi biyu ko uku marasa kauri, kowanne ya bushe kafin na gaba, sun fi ɗaya mai kauri. In za ka rufe da man kariya a sama, guji wanda aka ce yana tare hasken UV, don zai rage abin da ke isa ga hodar.

Sai wurin da za a shafa. Lungun da ba ya ganin rana ko fitila ba zai taɓa cika ba, komai tsadar hodar. A wajen saye kuma, kada dunƙule hannu a leƙa a cikin shago ya ruɗe ka, domin a minti na farko tsohuwar hoda da sabuwa duk kyau suke yi. Tambayi sunan sinadarin, ko ka sayi kaɗan ka haska shi da magariba, ka duba bayan awa ɗaya, sannan ka sake dubawa in ka tashi sallar asuba kafin ka kunna fitila.